Yini Guda a Tsibiri: Abin da Masu Teku Ke Sayarwa da Abin da Ke Ƙofar Gidanmu

Daga Aujara zuwa bakin teku, ko ta Legas aka bi ko ta Fatakwal, tafiya ce da ta haura kilomita 1,000. Mafi yawan mutanen wannan gari na ƙaramar hukumar Jahun za su ƙare rayuwarsu ba su taɓa tsoma ƙafa a ruwan gishiri ba, in ban da wanda Allah ya kira aikin Hajji ya hango Bahar Maliya ta tagar jirgin sama. Amma wayar hannu ta kawo tekun har majalisar matasa. Ana ganin ƙaramin jirgi yana keta ruwa shuɗi garau, ya tsaya a gefen wani tsibiri mai farin yashi, mutane su sanya tabarau na ruwa da ɗan bututu a baki, su kifa ciki a kan ruwa suna kallon kifaye masu launi iri-iri. Da azahar a gasa musu kifi a kan yashi, kafin magariba a mayar da su gari. Wannan yini guda kasuwa ce babba a duniya, tana ciyar da dubban iyalai daga Zanzibar har tsibiran Maldives.

Ɗan Jigawa da ya ga irin wannan yakan ɗauka abin na wasu ne can. Rabinsa kuwa haka yake, domin akwai abin da ruwanmu ba zai taɓa ba mu ba. Amma ɗaya rabin yana nan kusa, kuma abin da ya shiga tsakaninmu da shi ba nisa ba ne, ba kuma kuɗin jirgin sama ba.

Yadda ake yi a inda abin ya kafu

Zanzibar ta fi dacewa a fara da ita, domin mutanenta kusan duk Musulmi ne, ana jin kiran salla a bakin ruwan da baƙi ke hawa jirgi. Daga tsohon birnin, wanda ake kira Stone Town, jirgin katako mai inji yana kai mutum tsibirin Changuu cikin kusan rabin awa. Tsibiri ne ƙarami, tsawonsa bai kai kilomita guda ba. A 1893 Lloyd Mathews, Baturen da ke riƙe da muƙamin babban ministan Sarkin Zanzibar, ya saye shi aka gina kurkuku a kansa, amma ba a taɓa tsare fursunoni a ginin ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cututtuka da ke isowa ta jiragen ruwa. A 1919 gwamnan tsibiran Seychelles ya aiko da kyautar manyan kunkuru huɗu, kuma irin wannan kunkurun ne baƙi ke zuwa gani har yau. Kusa da nan akwai Nakupenda, tudun yashi ne kawai wanda ba bishiya ba gida. Idan teku ta janye sai ya fito, a kafa rumfuna a ci abinci, idan ta ciko sai ya nutse kamar ba a taɓa yin sa ba. Saboda haka matuƙin jirgi ba ya tambayar baƙo lokacin da yake so a tashi. Ruwa ne ke yanke lokacin.

Shi kuwa kallon ƙarƙashin ruwan ba shi da wuyar da mutane ke zato. Ba nutso ba ne irin na masu goya tukunyar iska. Kaya uku ne: tabarau mai rufe ido da hanci, bututun roba mai lanƙwasa da ake cizawa a baki kansa yana waje, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Idon ɗan Adam ba ya gani sosai idan ruwa na taɓa shi, iskar da tabarau ya tare a gaban ido ita ke mayar da gani daidai. Bututun kuma da gangan ake taƙaita shi, ba ya wuce kamar kamu ɗaya. In ya yi tsawo, iskar da mutum ya fitar ba ta ƙarasa fita, ita zai sake shaƙa. Ban da haka, mutum in ya yi ƙasa da kamar mita guda, nauyin ruwa kan danne ƙirjinsa har ya kasa jawo iskar sama. Don haka a saman ruwa ake zama, a kwance, ana numfashi a hankali. Wanda bai iya iyo sosai ba yana iya yi muddin yana sanye da rigar kariya, kuma akwai mai lura da shi a kusa.

Abin da ake kallo shi ne murjani da kifayen da ke zaune cikinsa. Murjanin nan da ake gani kamar dutse ko reshen itace ƙananan halittu ne masu rai, suna gina gidansu na farar ƙasa a kan na iyayensu, shekara ɗaruruwa, kaɗan-kaɗan. Yana son ruwa mai ɗumi, mai gishiri, mai haske wanda rana ke ratsawa. Taka shi da ƙafa ko jefa masa ƙarfen tsayar da jirgi yana karya aikin shekaru cikin daƙiƙa. Zanzibar ta ga wannan da idonta a wuraren da jirage suka yi yawa. Shi ya sa misalin tsibirin Chumbe ya fi burge ni. A 1994 aka ayyana murjaninsa a matsayin wurin da aka keɓe, aka hana su a cikinsa, aka ƙayyade yawan baƙin da za su shiga a rana, sannan aka ɗauki masunta daga ƙauyukan da ke kusa aka horar da su suka zama masu gadin wurin da masu yi wa baƙi jagora. Kuɗin da baƙi ke biya da shi ake kai 'yan makarantar Zanzibar su ga murjanin ƙasarsu, da yawansu a karo na farko.

Tekun da kakanninmu suka ƙetare

Bahaushe ba baƙo ba ne a ɗaya daga cikin tekunan da suka fi kowanne kyau wajen wannan kallo. Kafin jirgin sama, mahajjata daga Kano da Haɗeja da Katagum a ƙasa suke tafiya, ta Borno da Wadai da Darfur, wasu shekara da shekaru suna noma suna ƙwadago a hanya, har su isa Sawakin a gaɓar Bahar Maliya. Tsohuwar Sawakin ita kanta tsibiri ce, kuma da dutsen murjani aka gina gidajenta. Daga nan ake shiga jirgin katako a ƙetara zuwa Jidda. Bayan da Turawa suka buɗe tashar Port Sudan a farkon ƙarni na 20 sai Sawakin ta fara mutuwa, amma jikokin waɗanda ba su dawo gida ba suna nan a Port Sudan da Kassala da Gadarif, suna jin Hausa.

Babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara da ke zuba a Bahar Maliya. Wannan ne sirrin haskenta: ba laka, ba taɓo. A rana mai kyau mutum na ganin abin da ke nesa da shi mita 20 ko 30 a cikin ruwa, kuma nau'in kifin da aka ƙidaya a cikinta ya haura 1,000. Kimanin kilomita 25 daga gaɓar Sudan akwai Sanganeb, zoben murjani a tsakiyar teku mai hasumiyar fitila a kansa, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren gado na duniya a 2016. A wani murjanin da ke wannan yanki, Sha'ab Rumi, Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka zauna wata guda a ciki. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya durƙusar da wannan sana'a. A ɓangaren Saudiyya kuwa tana bunƙasa, daga jiragen da ke fita yini guda daga Jidda har tsibiran Farasan da ke gaban Jazan.

Namu gefen na Afirka ta Yamma bai samu wannan rabo ba. Kwara da Binuwai da Volta da sauran manyan koguna suna kwarara ruwan daɗi da laka cikin teku, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasa a wasu watanni, don haka murjani bai yi gini a gaɓarmu ba. Abin da Legas ke da shi yashi ne da igiyar ruwa. Tarkwa Bay, wadda ba a zuwa sai ta jirgi, tana samun kariya daga dogayen katangun duwatsu da aka jera a bakin tashar jiragen ruwa tun zamanin Turawa, shi ya sa ruwanta ya fi na sauran gaɓar kwanciya. Tafiyar 'yan mintuna ce daga cikin gari. A Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna wurin bisa zargin fasa bututun mai. Duk wanda zai yi maganar mai da wani wuri na shaƙatawa a wannan ƙasa, ya kamata ya fara tambaya: mutanen da aka tarar a wurin, ina za su?

Tsibiran da damina ke haifarwa

Yanzu mu dawo gida. Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa gabanin Wudil su zama kogin Haɗeja, ya ratsa ta ƙasar Ringim, ya bi ta Miga da Auyo ya wuce Haɗeja. A can gaba shi da kogin Jama'are sukan faɗa cikin tsofaffin jigayi na rairayi waɗanda iska ta jera tun dubban shekaru, lokacin da hamada ta fi haka matsowa kudu. Ruwa ba ya iya tsallake su, sai ya rarrabu, ya bi kwari-kwari, ya cika fadamu da tafkuna. A watan Agusta da Satumba kawunan jigayin nan sukan zama tsibirai na gaske, da goriba da gabaruwa da kanya a kansu, wasu har da gidaje da rumbuna, ba shiga ba fita sai da kwalekwale. Bayan ruwa ya fara ja, sai gefensu ya bar yashi mai laushi, bado ya rufe fuskar tafki, kifi ya taru a ƙananan ruwaye. Wannan shi ne dausayin Haɗeja da Nguru, kuma mutumin Aujara da ya yi sammako ya bi ta Jahun da Kafin Hausa zai isa bakinsa da sauran hantsi.

Duniya ta san wurin nan fiye da yadda mu maƙwabtansa muka san shi. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sanya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000. Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ta shiga a 2008 da faɗin da ya haura hekta 100,000, tare da tafkin Dagona na jihar Yobe, inda Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin ya je kallon tsuntsaye a 1989. A 2020 UNESCO ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a jerin wuraren da ake haɗa kare halittu da rayuwar jama'a, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta amince da kafa gandun daji na ƙasa a dausayin Haɗeja, cikin sababbi guda goma.

Abin kallonmu ba a ƙarƙashin ruwa yake ba, a samansa yake. Masana sun ƙidaya nau'in tsuntsu fiye da 370 a yankin. Akwai 'yan gida irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi da balbela. Akwai kuma baƙi, agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da ke gudun sanyin Turai da Rasha, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, wannan dausayi yana cikin ruwayen farko da suke tararwa bayan hamada. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu suke cika, a Janairu kuma ake ƙidayar su. Wanda ya taɓa kasancewa cikin kwalekwale da sassafe lokacin da garken kirinjijiya ya tashi gaba ɗaya yana fito, ya san ba sai an je Zanzibar ake ganin ikon Allah a kan ruwa ba. Ga kuma kifin da za a gasa a kan tudu: ƙarfasa, tarwaɗa, kurungu, in an yi sa'a ragon ruwa.

Tunanin mai da ruwan arewa wurin hutu ba sabo ba ne. Audu Baƙo, gwamnan tsohuwar jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin da Jigawa ke cikinta, bai tsaya ga gina madatsun ruwa don noma kawai ba. An yi otal a bakin tafkin Bagauda, an yi Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan Tiga. Otal ɗin Bagauda daga baya ya koma reshen makarantar horar da lauyoyi, kuma harkar shaƙatawa a bakin waɗannan ruwaye ba ta kai inda aka yi mata fata ba.

Sai dai madatsun nan su ne kuma suka sauya wa dausayin rayuwa. An gama Tiga a 1974, Challawa a 1992, kuma su biyun suna riƙe da mafi yawan ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. A da kogin yakan cika ya tumbatsa da damina, ya kusa ƙafewa da rani. Yanzu ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, sannan ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Irin wannan ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi kacalla ke so. Ta mamaye hanyoyin ruwa, ta tare laka, ta toshe mashigai har ruwa ya bar inda ake bukatarsa ya koma kan gonaki da gidaje. A cikinta tsuntsun jan-baki ke kwana ya fito ya cinye shinkafa da gero. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka lissafa amfanin noma da su da itacen da fadamar ke bayarwa, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya iso ta ya fi kawo riba nesa ba kusa ba a kan wanda aka tare don noman rani a sama. Manoman Guri da Kirikasamma sun riga masana sanin haka. Kwalekwalen baƙo ba zai ratsa inda na masunci ya kasa ratsawa ba, don haka yanke kacalla da gyara yadda hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ke sakin ruwa su ne tushen komai.

Maganar shiga ruwan kuwa, gara a faɗe ta ƙarara. Ruwan fadamarmu ba na sanya tabarau ba ne, domin mutum ba zai ga tafin hannunsa ba. Kuma ba na wanka don nishaɗi ba ne, saboda tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa da ke manne a ciyawar bakin ruwa, ta fito ta yi iyo, ta huda fatar mutum ba tare da ya ji ba, kuma ta fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke tura yara cikin ruwa. Bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. A wasu garuruwa abin ya yi yawa har ana ɗaukarsa alamar balaga, alhali ciwo ne da ke lalata mafitsara da ƙoda in ya daɗe. Masu bincike sun sha samun ta a garuruwan bakin madatsu, har da Warwaɗe da ke kusa da Dutse. Maganinta, praziquantel, ana raba shi kyauta a makarantu, amma ba ya hana sake kamuwa. Duk wanda zai kai baƙi tsibiri a Jigawa, amana ce a kansa ya gaya musu su zauna cikin jirgi da kan tudu.

Jirgin baƙo da jirgin 'yar kasuwa

Babban abin da ya rage shi ne jirgin kansa, kuma a nan ne zuciya ke nauyi. A ƙasar nan, in aka ji kwalekwale a labarai, to gawa ake ƙirgawa. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kogin Kwara kusa da Wara a jihar Kebbi, waɗanda aka ceto kaɗan ne. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar 2021 ɗin, a ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, jirgin da ya ɗauko fasinja daga ƙauyen Badau ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya da za su taron Mauludi. Jami'ai sun ce lodi ne ya yi yawa. A Jigawa, ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi a Ringim da Miga da Jahun da Kafin Hausa da Auyo, mutanen da ba su taɓa hawa ruwa ba suka wayi gari kwalekwale ne motarsu, aka kuma yi asarar rayuka. Kusan kowace damina sai an ji irin wannan daga wani mashigi: mata za su kasuwa, 'yan mata za su aikin gona, an cika jirgi har bakinsa na shan ruwa.

A wurin ta'aziyya akan ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa. Amma malaman da suka karantar da mu ƙaddara su ne suka karantar da mu riƙo da sababi. Mai fito da ya ɗora mutum arba'in a jirgin mutum goma sha biyar ba tawakkali ya yi ba. Sai dai ban yarda a tsaya a kansa shi kaɗai ba. Jirgi ɗaya ne a mashigin, jama'a sun taru tun safe, rana na faɗuwa, kowa na roƙon a taimaka a ɗauke shi, kuɗin fito kuma bai taka kara ya karya ba, sai an tara kai da yawa yake zama na cefane. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ta hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya. Legas tana da hukumarta tun 2008, kuma a manyan tashoshinta ba a barin fasinja ya hau sai ya sanya rigar. Doka dai akwai ta. Abin da babu a mashigan ƙauyukanmu shi ne rigunan, da jirgi na biyu, da mutum guda mai ikon cewa ya isa haka.

Ga abin da bidiyon waya ba ya nunawa. Kafin jirgin baƙi ya tashi a wurin da ake yin abin bisa ƙa'ida, an ƙirga kawuna an rubuta, kowa ya ɗaura riga, an duba iska da lokacin ruwa, wani a gaɓa ya san inda aka nufa da lokacin dawowa. In an isa, jagora yana cikin ruwa da tayar ceto, kafin a juyo a sake ƙirgawa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ƙungiyar masu fito ta kowane gari a Jigawa. Ita ma Zanzibar ba daga sama ta samu ba: a Satumbar 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba saboda lodi, ɗaruruwa suka hallaka, a shekarar da ta biyo baya wani ya sake nutsewa. Ra'ayina shi ne kada a sayo riga ko ɗaya don baƙo kafin a sayo ta don matar da ke ƙetarawa da buhun shinkafarta ranar kasuwa. Jirgin nan ɗaya ne, matuƙin ɗaya ne. In ya saba da ƙirga fasinja ranar kasuwa, ba sai an koya masa ranar da baƙi suka zo ba.

Sai iyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. A shekarar 2021 ɗin ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli don tunatarwa a kan haka, ranar da ke faɗowa a tsakiyar daminarmu, lokacin da kududdufai da ramukan da aka haƙa don gini ke cika suna cin yara. Ba wai ba mu da gwanaye ba ne. Wanda ya ga kabanci a Argungu, tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa da hannu, ya san Sarkawa da Kabawa ba su da na biyu a ruwa, haka masuntan Haɗeja da Bade da ke kwanciya a kan gora su yini suna su. Amma ilimin ya tsaya a gidajen sana'a, kuma ya tsaya ga maza. Yaron da aka haifa a kan tudu, abin da ake gaya masa kawai shi ne ruwa ba sa'an kwando ba ne, ya nisance shi. Ranar da ruwan ya zo har ɗaki, nisantar ba ta da amfani.

Akwai misalai daga ƙasashen Musulmi matalauta irinmu. A Bangladesh ana kafa dandamalin gora a cikin kududdufin ƙauye, a killace shi, matasan garin da aka horar su koya wa yara iyo da yadda ake ceton wani ba tare da an faɗa ruwa ba. A arewacin Zanzibar, inda al'ada ta daɗe tana hana mata shiga teku, wata ƙungiya mai suna Panje ta samar da tufafin iyo masu rufe jiki duka har da kai, ta horar da mata malamai, 'yan mata suka fara koyon yadda ake kwanciya a kan ruwa rungume da jarkar roba. Babu abin da ya saɓa wa sutura a ciki. Dama a littattafanmu ana danganta wa Sayyidina Umar umarnin a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. A wurinmu, saboda tsargiya, dole wurin koyon ya zama kwamin siminti mai ruwan rijiyar burtsatse, ba tafki ba, da ranar maza da ranar mata. Guda ɗaya a makarantar kwana ɗaya a kowace masarauta cikin biyar ɗin Jigawa zai isa a fara, masuntan da suka gaji ruwa su zama malaman farko.

Baƙin farko na tsibiran Baturiya kuma ba daga Turai za su zo ba. 'Yan sakandaren Aujara ne da na Jahun, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da iyalai daga Kano masu neman inda za su kai yara lokacin hutun Disamba, daidai lokacin da ruwa ya kwanta, hanya ta bushe, tsuntsaye suka cika. Kuɗin fito da na jagora da na kifi su shiga hannun mutanen garin kai tsaye, sarkin ruwa da ƙungiyar masunta su ƙayyade jirage nawa za su shiga a rana da inda ba a kusanta saboda sheƙar tsuntsaye, ma'aikatan gandun daji kuma su riƙe littafin sunayen duk wanda ya hau da lokacin da ya sauka.